Roquefort: Ƙauyen da Dutse Ya Rufto Masa da Arziki

A kudancin Faransa, cikin gundumar Aveyron, akwai wani ƙauye da ake kira Roquefort-sur-Soulzon, manne a jikin wani dutse mai suna Combalou. Mazaunansa ba su kai 600 ba. Titi guda ne na kirki ya ratsa shi, gidaje kuma suna hawa bisa juna saboda gangare. Da yake ƙauyen yana gindin dutsen ne ta ɓangaren arewa, idan sanyin hunturu ya kama sai a daɗe rana ba ta leƙo wasu gidajen ba. Wanda ya zo neman ƙauyen Turawa irin na hoton kalanda, mai furanni a taga da dandali a tsakiya, ba zai same shi a nan ba. Amma duk inda ka ga cukun nan mai zanen shuɗi-shuɗi da aka rubuta wa Roquefort, a kantin Paris ne ko na Tokyo, to ta ƙarƙashin gidajen nan ya biyo. Dokar Faransa da ta Tarayyar Turai ba su yarda a kira wani cuku da wannan suna ba sai an yi shi da ɗanyar madarar tumaki, kuma ya nuna a cikin kogunan dutsen da ke wani ɗan zirin ƙasa mai tsawon kusan kilomita 2 da faɗin mita 300.

Abin da ya ja hankalina ga ƙauyen shi ne yadda ƙasa marar albarka ta zama jari, da kuma tambayar da ke biye da wannan: idan sunan gari ya yi tsada, wa ke cin ribar sunan?

Sai an fahimci dutsen kafin a fahimci komai. Yankin da Roquefort yake ana ce masa Grands Causses, wato manyan tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, na dutsen farar ƙasa, waɗanda koguna irin su Tarn da Dourbie suka yanyanka da kwazazzabai masu zurfi. Mafi girmansu shi ne Larzac, kuma Combalou wani ɓalli ne da ya rabu da bakinsa. Saman Combalou dutse ne mai tauri, amma ƙarƙashinsa yumɓu ne. Dutsen farar ƙasa ba ya riƙe ruwa. Duk ruwan saman da ya zuba sai ya tsiyaye ta tsagogi har ya isa ga yumɓun nan ya jiƙa shi. Dubban shekaru ana haka, ga kuma ƙanƙara tana shiga tsaga ta daskare ta buɗa ta, har gefen dutsen ya zame a kan laushin da ke ƙasansa, ya karye, ya rufto. Manyan duwatsun da suka zubo ba su haɗe tsam ba. Sun bar rami da lungu a tsakaninsu, da wasu siraran tsagogi masu ratsa tarin daga ciki har waje. Mutanen wurin suna kiran tsagogin nan fleurines, kuma su ne dukiyar ƙauyen.

Ta cikinsu iska ke kai da komo dare da rana. Bambancin zafi da nauyin iska tsakanin waje da cikin dutse shi ke tura ta, kuma yayin da take ratsa jiƙaƙƙun duwatsu sai ta sha laima ta yi sanyi, kamar dai yadda ruwan randa ke sanyi saboda naso da ke bushewa a jikinta. Sakamakon haka, ko ana ƙanƙara a waje ko ana zafin Agusta, cikin kogon yana nan a wajen digiri 8 zuwa 10, laima kuma wajen kashi 95 cikin 100. Tun kafin a ƙirƙiro firji da ɗaruruwan shekaru mutanen nan suna da ɗakin sanyi da ba ya buƙatar wuta. Abin da suka ƙara shi ne gini. Sun shiga tsakanin duwatsun suka yi ɗakuna masu rufin baka, hawa bisa hawa zuwa ƙasa, wasu wuraren har hawa 11, kowane hawa da bakin tsaga a bangonsa. An sa wa bakin tsagogin ƙananan ƙyamare. Shugaban kogo yana zagayawa yana jin iska a fatarsa, ya buɗe wannan ya tura wancan, gwargwadon abin da cukun ke so a ranar.

A saman tudun kuwa labarin dabam ne. Ruwan sama yana sauka isasshe, amma ƙasar ba ta ajiye shi, don haka Larzac fili ne na tsakuwa da gajeriyar ciyawa da iska mai kaɗawa ba ji ba gani. Alkama ba ta yi sai a 'yan kwaruruka inda jar ƙasa ta taru. Saniya ba za ta ƙoshi a nan ba, tunkiya ce ke iya tsintar abin da ke tsakanin duwatsu. Shi ya sa duk abin tarihin da ke yankin yana da alaƙa da tumaki. Akwai lavognes, tafkuna ƙanana masu siffar kwano da makiyaya suka daɓe da yumɓu suka shimfiɗe da duwatsu don tare ruwan sama, an yi musu gangare mai sauƙi yadda garke zai kewaye ya sha ba tare da kofato ya fasa daɓen ba. Akwai jasses, dogayen garkunan dutse masu rufin baka, domin katakon rufi ya yi ƙaranci a inda itace ba ya girma. Akwai kuma burtalai na tun kaka da kakanni da ake kora dabbobi ta cikinsu daga filayen bakin teku zuwa tuddai idan zafi ya shigo. A ƙarni na 12 ƙungiyar mayaƙan Kirista da ake kira Templiers, waɗanda suka yi suna a yaƙe-yaƙen Ƙudus, sun mallaki babban ɓangare na Larzac suna kiwo da noma don samun kuɗin tafiyar da harkarsu. Bayan an rusa su a 1312 dukiyar ta koma hannun takwarorinsu Hospitaliers, waɗanda suka kewaye ƙauyuka irin su La Couvertoirade da La Cavalerie da Sainte-Eulalie-de-Cernon da ganuwar da take tsaye har yau. A 2011 hukumar UNESCO ta sa yankin Causses da Cévennes cikin wuraren tarihi na duniya, kuma dalilin da ta bayar shi ne wannan tsohon tsarin kiwo da ya sassaƙa kamannin ƙasar.

Mu a wajenmu tunkiya ta nama ce da layya da suna, ba a cika tatsar ta ba. A can kuwa madarar ce gaba. Irin tumakin da doka ta amince da shi guda ne, ana kiransa Lacaune: fari, marar ƙaho, mai dogon kunne, cikinsa kusan ba gashi. Suna haihuwa a farkon sanyi, 'ya'yan su sha nono kamar wata guda, daga nan a shiga tatsa safe da yamma har wajen watan Yuli. Ko fatun 'yan tumakin ba su tafi a banza ba, da su garin Millau, mai nisan kusan kilomita 25, ya yi suna wajen ɗinkin safar hannu.

Abin da baƙo bai cika sani ba shi ne ba a cikin ƙauyen ake haɗa cukun ba. Ana tara madarar daga gonaki a sassan gundumomi shida, Aveyron da Tarn da Lozère da Hérault da Gard da Aude, a kai ta masana'antu da ke warwatse a yankin. Ba a dafa ta, ɗumama ta kawai ake yi. A zuba mata abin daskarwa, a barbaɗa ƙwayar wata funfuna da masana ke kira Penicillium roqueforti, a yanka daskararren ƙanana-ƙanana, a tsane ruwan, a cusa a mazubi, a shafe da gishiri. Kowane dunƙule yana cin madara wajen lita 12, nauyinsa kuma tsakanin kilo 2 da rabi zuwa 3. A wannan matakin fari ne fat, ba shi da wani ɗanɗano na a zo a gani. Sai an huda shi da dogayen allurai daga sama har ƙasa domin iska ta samu hanyar shiga, sannan a cikin kogunan Roquefort a jera shi a tsaye ta gefe a kan katakai da aka barbaɗa wa gishiri, dubbai a layi, tsakanin kowane biyu da ɗan sarari. Funfunar nan tana buƙatar iska da sanyi da laima, kuma ukun duka tsagogin dutsen suna kawowa. A hankali take bin hanyoyin allura da ƙananan ramukan cikin cukun tana zana shi da kore mai shuɗi. Shugaban kogo yana soka wani siririn ƙarfe ya zaro ɗan tsaki daga tsakiya, ya duba, ya sansana, ya ɗanɗana. Idan ya ga funfunar ta kai inda ake so, bayan aƙalla kwana 14, sai a naɗe dunƙulen da takardar kuza don a toshe mata iska, a mayar da shi ɗakin sanyi ya ci gaba da nuna a hankali. Ba a fitar da shi kasuwa sai ya cika kwana 90. Aikin naɗin nan na mata ne tun da can, ana kiran su cabanières, kuma su ne suka riƙe kogunan da hannuwansu tsawon zamani, cikin sanyi da danshi, a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ita kanta funfunar, a da burodi ake gasawa manya-manya, na wani hatsi dangin alkama, a ajiye a kogo har ya rufe da kore, a busar a niƙa ya zama gari. Ƙananan masana'antu ɗaya ko biyu suna yin haka har yanzu, sauran a ɗakin bincike suke renon tasu. Akwai tatsuniyar da ake ba masu yawon buɗe ido, wai wani saurayi makiyayi ne ya bar burodinsa da cukunsa a kogo ya bi wata budurwa, da ya dawo bayan kwanaki ya tarar sun yi funfuna, yunwa ta sa ya ci, ya ji daɗi. Labari ne mai daɗin ji, amma yana rage wa mutanen wurin daraja, domin yana mayar da ilmin da aka tara ƙarni bayan ƙarni ya zama tsintuwa.

Iskar dutse kaɗai ba ta isa ta yi arziki ba, domin akwai wasu koguna masu sanyi a sassan Causses, kuma an daɗe ana nunar da cuku a cikinsu ana sayarwa da sunan Roquefort. Abin da ya bambanta wannan ƙauye shi ne ya riga kowa zuwa gaban hukuma. Tun ƙarni na 11 sunan cukun wurin ya fito a takardun wani gidan ibada da ke Conques. A 1411 Sarki Charles na Shida ya ba mutanen ƙauyen takardar kariya. Masu tallar cukun suna cewa a ranar ce aka mallaka musu sana'ar su kaɗai, wasu masana tarihi kuma suna ganin an kambama abin da takardar ta ƙunsa. Ko ma yaya ne, sarakunan da suka biyo baya sun yi ta sabunta ta, kuma a 1666 babbar kotun Toulouse ta yanke hukuncin tara a kan masu sayar da jabu. Ƙauyen ya koyi wani abu tun da wuri: takarda mai hatimi tana iya tsare abin da ganuwa ba za ta tsare ba.

Ƙarni na 19 ne ya juya komai. A 1842 wasu masu koguna suka haɗa jari suka kafa kamfanin da yau ake kira Société. A shekarun 1870 jirgin ƙasa ya iso yankin, aka yi tasha a Tournemire, ƙasa kaɗan da ƙauyen, cuku ya fara isa Paris da tashoshin jiragen ruwa cikin sauri. Daga nan 'yan kasuwar suka daina sayen farin cuku daga hannun matan makiyaya, suka buɗe nasu wuraren haɗawa suna sayen madara tsagwaronta. A ganina nan ne aka yi babbar musaya, wadda har yau ake zaune a kanta. Makiyayi ya samu kasuwa tabbatacciya da kuɗi a hannu, amma sana'ar ta fita daga ɗakin matarsa ta koma hannun mai kogo. Buƙata ta yi yawa har madarar yankin ta kasa, aka riƙa zuwa tsibirin Corse da duwatsun Pyrénées ana haɗo farin cuku ana kawowa. Wasu kuma suka fara surka madarar shanu.

Wannan ruɗani ne ya haifar da dokar 26 ga Yuli, 1925, wadda ta sa Roquefort ya zama cuku na farko a Faransa da majalisa ta kare sunansa da asalinsa. Dokar ta ce madarar tumaki kawai. A 1930 makiyaya da masu masana'antu suka kafa ƙungiya guda da ke zama teburi ɗaya, ita ce mai tambarin jar tunkiya da ake gani a jikin takardar naɗin. A 1961 kotun Millau ta rufe ƙofar ƙarshe, ta ce kogon Combalou kawai. A 1996 Tarayyar Turai ta ɗauki kariyar ta shimfiɗa ta a dukkan ƙasashenta. Ƙa'idojin sun shiga har cikin garke: dole tumaki su fita kiwo duk lokacin da yanayi ya bari, kuma aƙalla kashi uku cikin huɗu na abincinsu ya fito daga yankin. A tsakanin nan kuma, daga shekarun 1960, injin tatsa da zaɓen iri suka ɗaga abin da tunkiya guda ke bayarwa daga ƙasa da lita 100 a shekara zuwa wajen 300, har aka daina buƙatar madarar Corse da Pyrénées.

Wanda ya taka ƙauyen da ƙafa zai ga wannan tarihi a bango. A kan wani tsinin dutse akwai kufan ƙaramar majami'ar Saint-Pierre, ta ƙarni na 11, daga nan kuma ana hango kwarin Soulzon da bakin Larzac. Akwai wata hanyar ƙafa mai tsani-tsani da ke ratsa tsakanin ruftattun duwatsun zuwa saman Combalou, inda a wasu lunguna mutum zai ji sanyin iska na fitowa daga ƙasa. Sauran ƙauyen kuwa dogayen gine-ginen kamfanoni ne, da manyan motoci masu firji suna kutsawa ta siririn titi, da tagogi rufaffu. A tsakiyar ƙarni na 20 mazauna sun haura 1,000. Yau yawancin ma'aikatan daga Saint-Affrique da Millau da ƙauyukan kewaye suke zuwa da safe su koma da yamma, saboda ba wanda ke son zama a inuwar dutse in yana da mota. Gidaje da yawa mallakar kamfanonin ne, don abin da ke ƙarƙashinsu aka saye su. Dubban baƙi suna zuwa kowace shekara, musamman tun da aka buɗe doguwar gadar Millau a 2004, mai tsayin mita 343 daga ƙasa zuwa ƙololuwa, amma su sauka kogo ne, su ɗanɗana, su saya, su wuce.

Da makiyayan Larzac sun yi shiru a 1971, da wani babban yanki na wannan kiwo ya tafi. A watan Oktoba na shekarar, ministan tsaro Michel Debré ya ba da sanarwar faɗaɗa barikin soja da ke kusa da La Cavalerie daga hekta 3,000 zuwa 17,000. A idon Paris, wurin duwatsu ne da 'yan tsofaffi. Manoma 103 suka sa hannu a kan alkawari a watan Maris na 1972 cewa ba wanda zai sayar, ba wanda zai tashi. Mutane ne masu ra'ayin riƙau, masu zuwa coci, waɗanda ba su taɓa zanga-zanga ba, kuma suka zaɓi hanyar da ba tashin hankali. Suka loda tumaki 60 a mota suka sake su suna kiwo a gindin hasumiyar Eiffel. A Janairun 1973 suka kama hanyar Paris a kan taraktoci. A ƙauyen La Blaquière suka gina katafaren garken dutse ba da izini ba, a cikin filin da soja ke so, da gudummawar mutane daga ko'ina. Ma'aikatan kogunan Roquefort da ɗalibai da 'yan ƙwadago suka mara musu baya, har taron Agustan 1974 ya tara mutane wajen 100,000. A taron ne suka girbe gona suka sadaukar da amfanin ga ƙasashe matalauta, a daidai lokacin da fari ke cin Sahel. A 1978 suka taka da ƙafa kilomita 710 zuwa Paris. Takensu da harshen Oksitan, harshen kakanninsu, shi ne Gardarem lo Larzac, za mu riƙe Larzac. Shekara goma ana wannan ja-in-ja, sai da François Mitterrand ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1981 ya soke shirin.

Abin da suka yi da nasarar ya fi nasarar kanta burge ni. Gwamnati ta riga ta saye hekta kusan 6,300. Maimakon a raba ko a yi gwanjo, a 1985 aka ba wata ƙungiya ta mazauna wurin hayar filin na dogon zango. Ita ke ba manomi gona ya yi aiki har ya yi ritaya, sannan a miƙa wa wani sabo. Ba ya sayarwa, ba ya gadar wa ɗansa, amma kuma matashin da ba shi da jari yana iya shiga kiwo ba tare da ya ci bashin sayen ƙasa ba. A lokacin da ƙauyukan Faransa ke zubar da manoma, wannan ɓangare na Larzac ya ƙara samun su. Duk mai tunani a kan rikicin filayen kiwo ya kamata ya san da wannan gwaji.

Daga cikin matasan da suka zo taya gwagwarmayar suka zauna akwai José Bové, wanda ya zama makiyayin tumaki a Montredon. A 1999, da Tarayyar Turai ta ƙi karɓar naman shanun Amurka da aka yi wa allurar ƙiba, Amurka ta rama da harajin kashi 100 cikin 100 a kan wasu kayan Turai, ciki har da Roquefort. Makiyayin da ba ruwansa da rigimar nama ya wayi gari kasuwarsa ta tsuke. Ranar 12 ga Agusta, Bové da abokansa suka je Millau suka kwance ginin wani gidan abinci na McDonald's da ba a gama ba, suka loda kayan a tarakta suka kai ƙofar ofishin hukuma. An yanke masa ɗaurin wata uku, amma kafin nan ya isa birnin Seattle na Amurka da cukunsa wajen taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ya zama fuskar masu adawa da yadda ake tafiyar da cinikin duniya. A Janairun 2009 gwamnatin shugaban Amurka Bush, tana dab da sauka, ta sanar da ninka harajin zuwa kashi 300, sai dai an sasanta kafin ya fara aiki.

To yanzu wa ke riƙe da kogunan? Masana'antu bakwai ne kacal ke yin Roquefort. Babbarsu, Société, mai fiye da rabin kasuwar, tun 1992 tana hannun Lactalis, kamfanin madara mafi girma a duniya, wanda hedikwatarsa ke Laval, can arewa maso yammacin Faransa. Wata daga cikinsu, Papillon, ta koma hannun wani babban kamfanin madara, Savencia, a 2019. Na iyali da suka rage, irin su Carles da Combes da Gabriel Coulet da Vernières, ƙanana ne. Doka ta ɗaure cukun a jikin dutsen, ba wanda zai iya kwashe sana'ar ya kai wata ƙasa mai arahar ma'aikata, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne: shi ya sa har yau akwai garkuna a tuddan da in ba haka ba da sun zama kufai. Amma dokar ba ta ce komai a kan wanda zai mallaki ramin ba. Wanda ya sayi kogo ya sayi maƙogwaron da duk madarar yankin za ta bi, kuma makiyayi, komai kyan tumakinsa, masu saye kaɗan ne a gabansa. A 2019 Société ta fitar da wani shuɗin cuku na dafaffiyar madarar tumaki, wanda bai bi ƙa'idar Roquefort ba, a cikin kwali mai tambarin da mutane suka saba gani a jikin na ainihi. Makiyaya da yawa sun ɗauki abin a matsayin cin amana, kuma ina ganin suna da gaskiya: sunan da aka yi ƙarnuka ana ginawa tare, ɗaya daga cikin masu shi ne ya fi kowa iya rage masa daraja.

Kariyar suna kuma takobi ce mai kaifi biyu. Ba duk madarar yankin ke zama Roquefort ba, kaso mai yawa ana juya shi zuwa wasu kayan, ciki har da wani farin cuku mai gishiri da aka daɗe ana sayarwa da sunan feta. A 2002 Tarayyar Turai ta ce feta na Girka ne, kotunta ta tabbatar a 2005, dole masana'antun Aveyron suka cire sunan. Hujjar da suka yi shekaru suna kare kansu da ita, ita aka karanta musu.

Ga kuma matsin zamani. A farkon shekarun 2000 ana fitar da wajen tan 18,000 a shekara, tun daga nan abin yake raguwa, domin matasan Faransa ba su cika son cuku mai ƙarfin wari da gishiri ba. Tsarin Nutri-Score, mai yi wa abinci maki daga A zuwa E, ya jefa Roquefort a sahun ƙarshe saboda kitse da gishiri, abin da ya sa masu shi suka tayar da ƙura a 2021. Gonakin da ke ba da madara sun ragu zuwa ƙasa da 2,000, fari yana ƙara yawa a tuddan da tun asali ba sa riƙe ruwa, kyarkeci kuma ya dawo yankin yana ɓarna a garkuna.

Wannan tsari na ɗaure sunan kaya da ƙasarsa ya riga ya iso gare mu. Hukumar OAPI, mai hedikwata a Yawunde, wadda ke kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka 17, ta fara rajistar irin waɗannan sunaye a 2013 da barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru da kofin Ziama-Macenta na Gini. Daga baya ta ƙara da kilishin Nijar da albasar Galmi. Najeriya ba ta cikin hukumar, don haka takardar ba ta aiki a kasuwannin Kano ko Legas, inda kaya masu yawa ke ƙarewa. Ko a inda take aiki, takarda mafari ce kawai. A Roquefort akwai masu bincike da ke shiga garke su duba abin da tunkiya ta ci, akwai ƙungiyar da ke da kuɗin ɗaukar lauya a wata nahiya idan an saci sunan, akwai iyaka da aka shata wadda kowa ya san inda ta tsaya. Manomin albasa a Galmi yana buƙatar waɗannan duka, kuma yana buƙatar ya kula da wani abu tun yanzu. Albasa tana araha ranar girbi, tana tsada bayan wata huɗu, ribar tana wajen wanda ke da rumbun da zai ajiye ta ba ta ruɓe ba. Idan ƙungiyoyin manoma ne suka mallaki rumbunan da wuraren tantancewa da buhun da ke ɗauke da tambarin, ƙarin kuɗin da sunan zai jawo zai tsaya a Galmi da ƙauyukan Tawa. Idan kuwa aka bari manyan dillalai suka riga su, to manomi zai ci gaba da sayarwa a bakin gona a farashin da aka yanka masa, buhun kuma ya tafi Abijan da Akara da sunan garinsa a jiki.